Ƙanen Kakata da Ban Ji Sunansa Ba

Jiya ƙanwata tana goge abubuwa a tsohuwar wayata, sai ga muryar kakarmu ta fito. Shekara guda ke nan da rasuwarta.

Na ɗauki muryar ne lokacin da malamin tarihi ya ce kowa ya yi hira da wani dattijo kan zamanin haƙar kuza. Na same ta a tsakar gidanmu na unguwar Ali Kazaure tana feraye dankali, kaskon garwashi a gefen ƙafarta, zaninta yana ƙamshin man zafi.

"Maigida, yau kuma ɗan jarida ka koma?" in ji ta. "Ko goro babu, za ka sa ni magana?"

Ta ba ni labarin yadda suke wanke kuza a ƙwarya suna yara, sanyi yana tsaga musu yatsu. Sai ta ce, "Wata rana ni da ƙanena muka je kududdufi. Ni kaɗai na dawo."

Ta yi shiru, wuƙar ma ta tsaya. Ni kuwa tsoro nake kada hirar ta mutu. A wayar ana jin muryata da sauri: "To Kaka, wane abinci kuke ci a lokacin?"

"Tuwon acca," ta ce.

Bayan rasuwarta na tambayi Baba da Gwaggo. Babu wanda ya san ta taɓa yin ƙane. Da na jira kaɗan, wataƙila da ta faɗi sunansa.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da yaron a Aljanna. Shi ne Ya san sunansa.