Injin da Bai Kai Ƙwayar Gero Ba

Matata ta rasu da damina, shekarar da aka kawo shari'a. Ƙari ne a cikin kanta. Daga Dutse aka tura mu Kano, a can likita ya nuna mini hoton, ya ce wuƙa ba ta isa wurin.

Ni mai gyaran agogo ne. Ban yi boko ba. Na baro Aujara da matsefata da gilashin ido ɗaya, na kafa tebur a bakin kasuwar Dutse tun ana kiran jihar sabuwa. Na binne 'ya'ya biyu ban yi kuka ba.

Wata rana da hantsi na ji a rediyo cewa masana a ƙasashen waje suna ƙoƙarin ƙera inji wanda bai kai ƙwayar gero ba, a sa shi a jini ya je ya gyara inda hannu ba ya kaiwa. Ban saurari ƙarshen ba. Na rufe tebur na hau mota. A tunanina kowane inji yana da kanti a Kano. Na yini ina bin masu kayan gyara, wasu suka yi dariya. Da la'asar na koma wurin likitan. Bai yi dariya ba. Ya ce ba a ƙera shi ba tukuna, wataƙila sai zamanin jikokina.

Da na dawo gida na ba matata labarin injin, ta tambaye ni ina yake. Na ce mata yana hanya. Ƙarya ce, Allah ya yafe mini.

Ta so ta ga ƙanƙantarsa. Na buɗe bayan wani agogon mata, na ɗora mata gilashina a ido. Shekara ashirin muna tare ba ta taɓa leƙa aikina ba. Ta daɗe tana kallon ɗan wilin yana kai da komo. Ta ce ashe wannan ne yake hana ni jin kiran abinci.

Na zaci na kwantar mata da hankali. Bayan kwana biyu ta daina cin tuwo, ta daina magana. Da na matsa, ta ce:

"Malam, in na mutu yana ciki, wa zai kashe shi? A yi mini wanka, a sa ni a ƙasa, shi yana ta aiki?"

Ƙaryata ce ta jawo mata wannan tsoro, kuma gaskiya za ta raba ta da abin da take jira. Na ciro agogon hannuna, irin wanda ba a sa masa batir, motsin hannu ne ke tafiyar da shi. Na ɗaura mata. Na ce injin ma irinsa ne: kina motsi yana tafiya, kin huta ya huta.

Ba ta yarda ba sai da ta gwada. Ta cire shi ta ajiye a cikin kwalla. Rana ta biyu ta buɗe ta tarar ya tsaya. Ta girgiza shi ya tashi. Ranar ta ci tuwo, har ta nemi ƙarin miya.

Ta yi sati bakwai da shi a hannu. Matan da suka yi mata wanka suka miƙo mini shi yana tafiya. Washegari ya tsaya. Ban girgiza shi ba.

Ina nan Dutse, a teburin nan. Idona ɗaya ya mutu. Yanzu batir kawai nake sauyawa.