Shekara Biyar da Takarda Ta Cinye wa Maikano

Ni da Maikano rana ɗaya aka yi mana kaciya a Tajaye, saboda haka babu mai gaya mini shekarunsa. Sittin da uku ne, kamar ni. Amma ya makara shiga lakwal, wato makarantar boko, sai kawunsa ya ga yaron ɗan tsurut ne, ya rage masa biyar a takardar haihuwa don a karɓe shi. A lokacin gata aka yi masa.

Da ya girma ya sami aikin gini a Malbaza. Shi ya zuba simintin filin tanis na unguwar ma'aikata, kuma a nan ya koyi wasan, da raket ɗin da wani injiniya ya jefar. Ya koya wa matarsa Suwaiba, mutane suna ta yi musu dariya. Shekara ashirin suna bugawa, ita a bakin raga, shi a baya yana ta gunaguni.

Bana aka shirya gasar dattawa a Birnin Konni, mace da namiji a kowane ɓangare, daga shekara sittin zuwa sama. Likita ya riga ya gaya wa Suwaiba cewa gwiwarta ba za ta kai baɗi a fili ba. Ta ɗaure ta da ƙyalle, suka doke Illela, suka doke Tsarnawa, suka kai wasan ƙarshe.

A ranar ne Isiyaku, shugaban gasar, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya tuna da takardu. Tun farko ina idonsa yake?

"Malam Maikano, hamsin da takwas na gani nan."

Na miƙe tsaye. "Mushe, dubi kainai! Hurhurag ga ta ƙarya ta? Tare anka yi muna kaciya!"

"Baba, ba a shigar da kaciya buro, ofis takarda ya sani. Shi dawo bayan shekara biyu."

Wallahi har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Ni da ban taɓa riƙe raket ba, takardata ta isa in shiga. Aka miƙa kofi ga mutanen da ba su buga ko ƙwallo ɗaya a ranar ba.

Takardar nan ce ma ta hana Maikano ajiye aiki, har yanzu yana cuɗa siminti. Ya durƙusa a gefen fili gaban jama'a, ya kwance wa Suwaiba ƙyallen gwiwarta, ya naɗe shi a hankali. Sai da muka kama ta mu biyu sannan ta iya hawa mota.