Abin da Hadari Ya Yi wa Hanjina

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar Talata, mu uku ne a ɗakin likita a asibitin unguwar Maamobi: ni, matata, da likitan, wata yarinya sa'ar 'yata.

Kafin ranar na yi wata biyu cikina yana murɗawa. Ni mutum ne mai tsari, don haka na bi abinci ɗaya bayan ɗaya. Na fara hana kaina shito, wannan baƙin yajin da matata ke soyawa. Sai koko da ƙosai. Sai wake da shinkafa. Ciwo bai tafi ba. A ƙarshe na ce na daina cin tukunyarta gaba ɗaya, ina sayen burodi a hanyar shagona da ke unguwar Abossey Okai. Shekara talatin tana dafa mini. Ba ta yi gardama ba, amma ta daina zama idan na shigo, kuma matan gidan hayarmu sun fara yi mata wani irin kallo.

Likita ta duba sakamakon gwaji, ta ce babu gyambon ciki, babu tsutsa. Ta tambayi lokacin da ciwon ke tashi. Na ce ba shi da lokaci.

"Yana da shi, Alhaji," in ji matata. "Duk ran da hadari ya haɗu. Kai kana kallon kwata, ni ina kallonka."

Ɗakinmu a unguwar Nima yana bakin babbar kwata. Bara ruwa ya shigo mana har gwiwa. Tun daga nan, da sama ta yi baƙi sai in fita in tsaya ina auna ruwa da ido.

Likita ta jawo takarda ta zana mini, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin bayani kamar wannan ba. Da farko tsoro ya kama mutum. Sai ƙwaƙwalwa ta sa a zuba sinadaran tashin hankali cikin jini. Su kuma su tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kwance a bangon hanji, waɗannan su saki nasu sinadarin a kan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Jijiyoyin sai su zama masu saurin ji, har iskar da kullum ke wucewa lafiya ta koma kamar wuƙa. Na sa ta maimaita sau biyu, ina ƙirgawa da yatsa. Na tambaya ko ke nan ciwon ƙarya ne.

"Na gaske ne, Baba. Sai dai ba daga tukunya ya fito ba."

A cikin trotro, motar haya, na yi ta bayyana wa matata abin da ta riga ta ji, har fasinjoji suna juyowa. Ta ce in bari mu isa gida tukuna. Da muka isa na ba ta haƙuri a tsakar gida, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Ta zuba mini tuwo da miyar ayoyo, ta tura mini kwalbar shito. Na cinye.

Ciwon yana dawowa idan damina ta yi ƙarfi, amma ya ragu tun da muka ɗaga dakalin ƙofa da bulo uku.

Kai mai karatu, in cikinka ya dame ka, je asibiti a gwada ka tukuna. Sannan ina roƙonka, kafin ka ture kwanon mai dafa maka, ka tambaye ta wace rana take ganin kana riƙe ciki.