Hular Kwandasta Clarrie

Clarrie Vella ba shi da babur, ba shi da ƙirji, gemunsa ma ya ƙi fitowa sai 'yan tsiraru kamar ciyawar bakin kwata. Amma in ka shiga mashayar Dulcie da ke unguwar Collingwood a Melbourne ka ce ba ka san shi ba, sai a tambaye ka daga wane ƙauye ka fito.

Kwandasta ne a taragon lantarki na cikin gari. Ya fara zuwa wurinmu tun zamanin da ɗan sanda ke iya kama namiji don ya riƙe hannun namiji. A baki, ƙungiyar 'yan babur ce mu. A gaskiya kuwa maza ne masu son maza, masu ƙaunar rigar fata, wandon fata da dogon takalmi, ko da rana tana narka kwalta. Ranar farko daga wurin aiki ya taso, ya tarar da Ferdie, ƙaton da ke tsaron ƙofa.

"Kai, ina zuwa? Ba fata, ba shiga," in ji Ferdie.

Clarrie ya ɗaga jakar tikitinsa. "Wannan fa, ganyen ayaba ne?"

"Jakar gwamnati ce, malam."

"Ai saniyar ba ta san haka ba."

Ferdie ya yi dariya har ya manta da ƙofar. Daga ranar ba su sake rabuwa ba sai da mutuwa ta raba.

To, a wurinmu riga kana iya saye, takalmi kana iya saye, amma ban da hula. Baƙar hular fata mai baki, wani babba ne ke ɗora maka a gaban jama'a in ya ga ka isa. Ba a roƙa. Ba a taɓa hular wani, ba a tambayarsa wa ya ba shi. Clarrie ya yi shekaru yana goge takalman mutane, yana ja wa masu tumbi zif ɗin wando, yana jiran hula, shiru kake ji. Mun saba da shi ne kamar yadda ake sabawa da kujera.

Wata Lahadi, don ya ba mu dariya, sai ya ɗauko tsohuwar hular aikinsa ta yadi, ya cire tambarin, ya lafta mata baƙin man takalmi, ya shigo yana taƙama. Tsautsayi ya haɗa shi da Alwyn, babbanmu, wanda idonsa ya yi rauni amma ya rantse tabarau ba ya shiga da fata. Alwyn ya tsaya, ya miƙe ƙam, ya sara masa.

"A'a! Har an riga ni? Barka, Clarrie. Ka cancanta."

Nan take aka yi caa, wannan ya rungume shi, wancan ya miƙo giya. Kowa ya ɗauka wani babba ne daga Sydney ya ɗora masa. Daga baya Clarrie ya gaya mini ya buɗe baki zai ce wasa yake, sai daɗin ya shaƙe shi. Da gari ya waye kuma bakin alƙalami ya bushe. Ferdie kaɗai ya sani, kuma duk Asabar in ya ga Clarrie ya tasa hular a gaba da buroshi sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ana yi wa sarauta wanka?" Ya sha cewa zai ba shi tasa, Clarrie ya ƙi.

"Hular mijinka ai yabon uwa ne, ba ya shiga lissafi," in ji Clarrie.

A hankali man ya yi ɓawo ya yi ƙyalli, a cikin duhun mashaya ba mai cewa ba fata ba ce.

Sai ƙanjamau ya shigo mana. Ba na son tsayawa a nan. Al'adarmu ce ba a binne mutum da fatarsa, ana miƙa wa na baya. Clarrie ne ke bi gida-gida, tun kafin dangin mamaci su zo su watsa kayan a bola don kunya, ya cusa a jaka ya hau tarago da su. Da Ferdie ya rasu, Clarrie da kansa ya kai hular marigayin wurin Alwyn. Ya ajiye, ya tsaya, ya ƙi tafiya.

Alwyn ya shafa hular ya ce, "Da ba ka da taka, ai kai zan ba."

"Haka ne, Yallaɓai," in ji Clarrie.

Aka ɗora wa Hemi, wani direban babbar mota daga New Zealand da ke goya marasa lafiya zuwa asibiti. Ya cancanta, ba na musu. Amma ranar ba wanda ya kai Clarrie tafi, mu kuma duk jakuna, muna tsaye muna yaba masa kyan zuciya.

Shekarar da aka sallami kwandastoci aka maye gurbinsu da na'ura, Clarrie ya rame, ya daina tsokanar kowa, abin da ya fi komai ba mu tsoro. Sai muka haɗa baki muka sa sunansa a gasar zakaran fata ta shekara. Bai taɓa shiga ba, kullum yana cewa shi mai ba da tikiti ne, ba fasinja ba. Wannan karon muka ƙi saurara. Ya san alƙalai za su ƙare masa kallo daga kusa, don haka ya ƙara wa hular mai, ya ƙara, ya kuma ƙara. Abin da bai sani ba shi ne jama'a sun yi yawa, Dulcie mai mashayar ta mayar da gasar tsakar gida, da rana tsaka, a watan Janairu, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar zafi, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Samari masu ƙirji suka hau suka juya, suka yi jawabi, suka sauka suna tsiyayar gumi. Ni ina gefe ina gasa nama da albasa. Clarrie ya hau, wandon yana masa yawa, ya fara magana a kan waɗanda suka tafi, yana kiran sunayensu kamar yadda yake kiran tashoshi. Sai ga wani baƙin layi ya gangaro daga goshinsa zuwa hanci.

Wani daga baya ya ce, "Kai, rinin gashin tsoho yana zuba!"

"Wane gashi? Kan kamar ƙwai!" wani ya amsa.

Layi ya zama biyu, ya zama kogi. Ɓawon ya tsage daga tsakiya ya zame, ga koren yadi a fili, har da ramukan da aka cire tambari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka fashe da dariya, na yi, kowa ya yi, Dulcie har da riƙe ciki. Alwyn da ke kujerar alƙalai yana ta tambaya, "Me ya faru? Wa ya faɗi?"

Clarrie ya cire hular, ya duba ta, ya ce, "To, kun gani. Hular aiki ce. Ba wanda ya taɓa ba ni komai."

Dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya fara lissafin abin da hakan ke nufi. Hemi ne ya riga mu isa ƙarshen lissafin. Ya tashi daga kusa da Alwyn, fuskarsa ta sauya, ya hau dandamali.

"Clarrie, ranar da aka ba ni wannan, kana tafi."

"To me zan yi, in cije ka?"

Hemi ya cire hular Ferdie da hannu biyu ya ɗora masa. Ta zurma har kunne, ta rufe masa ido. Daga ƙarƙashinta muka ji muryarsa.

"Ɗan nema, dama na sha gaya wa Ferdie kansa ya cika girma."

Bai ci gasar ba. Wani mai gyaran famfo ne ya ɗauki kambun, ba mai tuna sunansa. Hular kuwa Clarrie ya ƙi a rage ta ko da ɗinki ɗaya. Ya naɗe ragowar tikitin taragonsa ya cusa a cikin bakinta har ta zauna. In ka ce masa ta yi masa yawa, sai ya harare ka ta ƙarƙashin bakin hular.

"Mu biyu ne a ciki, malam. Matsa gaba."