Saniyar da Baffa Yero Ya Tsinta a Agra

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baffa Yero ya san ba ya sakin hannun mutum sai ya ɗora ɗaya hannun a kafaɗarsa ya matsa, kamar mai duba tozo. Ba da gangan yake yi ba. Ya fi shekara ashirin yana dillancin shanu a Abattoir, wato mayankar Jos, hannun ne ya saba. In ya matsa ya ji ƙashi sai ya ce, "Ba ka cin abinci." In ya ji tsoka sai ya gyaɗa kai ya ce madalla.

A ruga aka haife shi, wajen Barikin Ladi, lokacin da haƙar kuza ke tashe. Ya yi kiwo har ya tara gemu. Shanun gidansu suka yi ta raguwa, wasu ciwo ya kwashe, wasu suka faɗa ramukan kuza da ruwa ya cika. Sai ya ɗauko matarsa Hajjo suka shigo Jos, suka kama ɗaki biyu a Ali Kazaure, katanga ɗaya da gidanmu. Kullum da safe, komai sanyi, za ka gan shi da tsohon kwat a kan riga, sanda a kafaɗa, ya nufi Abattoir. Shi ba ya yanka. Aikinsa ya tsaya tsakanin mai saniya da mahauci har su daidaita.

Akwai abu ɗaya da ya taso da shi daga ruga wanda zaman birni bai raba shi da shi ba. In ka ga dabba tana yawo babu mai ita, ka kama ta, ka ba ta ruwa, ka yi cigiya. Daga lokacin da igiyarka ta shiga wuyanta kuma ta zama amana, ba ka da ikon sakinta sai a hannun mai ita ko a hannun ardon wurin. Shi ya sa kullum akwai igiya naɗe a ƙugunsa, ƙarƙashin riga. Ƙofar gidansa ba ta rabuwa da baƙi, yau akuyar wani, gobe tunkiyar wata. Ya taɓa riƙe jakin wani mutumin Kabong kwana tara, har unguwa ta koma tashi sallar asuba da kukansa.

Amininsa shi ne Alhaji Ishaku mai turare, Babarbare ne da kakansa ya zo Jos tun zamanin kuza. Kamar yadda aka saba tsakanin Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa su rabu ba tare da kowa ya kira ɗan'uwansa bawa ba. Alhaji kan je Indiya saro turare da icen ƙamshi. A 1978 ya ce wa Baffa, "Bafillace, shirya in kai ka ka ga duniya. Ka riƙe mini jaka."

Baffa ya ce, "Bawa ke riƙe jaka. Amma zan raka ka, kada ka ɓata."

Hajjo ta fi kowa murna, kuma tana da dalili. A ɗakin Kubra matar Alhaji akwai hoto rataye a saman jeren kwanuka: Alhaji tsaye gaban wani farin gini mai ƙubba da hasumiya huɗu, wanda ake kira Taj Mahal. Duk ranar da Hajjo ta kai mata nono sai Kubra ta sauko da hoton, ta goge shi da gefen zani, ta nuna mata kamar ba ta taɓa gani ba. Shekara biyu ana haka.

Hajjo ta ce wa mijinta, "Malam, ba na son zani, ba na son awarwaro. Ka tsaya gaban farin ginin nan a ɗauke ka. Shi kaɗai."

Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakinsu su biyun, kowa a ranarsa. Inda suka saɓa na bi na Baffa, don Alhaji yana yawan tsayawa dariya ya manta inda ya kwana.

Daga Kano suka tashi. Kwana shida suka yi a Delhi, Alhaji yana ciniki, Baffa yana kallo. Sun yi Juma'a a wani tsohon masallaci na jan dutse, wanda Baffa ya ce filinsa zai ɗauki garke goma babu mai taka wani. An nuna masa mai wasa da maciji, ya ce gardawanmu sun fi shi. An nuna masa giwa, ya matsa mata cinya ya ce tana cin abinci. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne shayi. A ɗan kofin yumɓu ake zubawa, in mutum ya shanye sai ya jefar ya fashe. Baffa ya kasa. Duk wanda ya sha da shi sai ya goge ya sa a aljihun kwat, har tafiyarsa ta koma da ƙara.

Shanu kuwa tun ranar farko ya fara hango su daga tasi, a tsakiyar titi, kwance, motoci na kewaye su. Alhaji ya san mutuminsa, sai ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Suna da makiyaya. Sun tafi shan shayi ne."

"Duk su?"

"Duk su. Mutanen nan da shayi."

Rana ta ƙarshe aka ware don farin gini. Garin da yake, Agra, tafiya ce mai nisa, sai suka bi bas ɗin 'yan yawon buɗe ido. Da rana tsaka suka isa. Mai yi musu jagora, wani dattijo mai baƙar lema, ya ce ƙarfe huɗu bas zai juya, ba ya jiran kowa. Jirginsu na komawa gida kuma washegari ne. Daga inda aka sauke su sai an ratsa wani lungun kantuna kafin ƙofa, kan hasumiyoyin ma ana hangowa.

A lungun nan Baffa ya gan ta. Farar saniya ce mai tozo, kamar daga Filato aka ɗauko ta, tsohuwa, tana ɗingisa ƙafar baya, tana cin jarida. Ya duba gabas ya duba yamma, babu mai sanda. Ya yi mata irin kiran da ake yi a ruga. Ta ɗago kai, ta taho.

Da Alhaji ya waiwayo bai ga abokinsa ba, sai ya komo. Ya tarar da shi tsugune, ƙafar saniya a kan gwiwarsa, igiya a wuyanta.

"Bafillace, me nake gani?"

"Tsintuwa."

"Sake ta."

"Igiya ta riga ta shiga."

"Yero, shanun ƙasar nan ba su da masu su. Haka suke yawo, girmama su ake yi."

"Ranar da muka iso ka ce makiyayan sun tafi shan shayi."

"Ƙarya na yi maka."

"To yau ma ƙarya kake."

Ya zaro wani guntun waya da ya maƙale mata a tsakanin kofato, ya roƙi mai shayi ruwan ɗumi da gishiri da nunin hannu, ya wanke wurin. Sannan ya miƙe ya fara cigiya kanti kanti, da Hausa, da murya irin ta kasuwar shanu: "Ina mai farar saniya, kunnen hagu a tsage?" Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta rataya masa igiyar furanni a wuya. Wani ya sunkuya ya taɓa masa ƙafa. Baffa ya ɗauka 'yan'uwan mai saniyar ne, ya yi ta tambayarsu ina gidan yake.

Mai lema ya iso, ya ga taro, ya tambayi Alhaji da Turanci wane aiki wannan bawan Allah yake yi a ƙasarsu. Alhaji ya share gumi ya amsa.

Baffa ya ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce kai likitan shanu ne."

"Faɗa masa gaskiya mana. Ni dillali ne a..."

"In ka ƙarasa kalmar nan a gaban mutanen nan, wallahi zan ce ban taɓa ganinka ba."

Baffa ya yarda a kira shi likita. Amma ya ce tunda babu mai ita, a kai shi wurin ardon garin. Aka daɗe ana juya maganar daga Hausa zuwa Turanci zuwa harshen mutanen, kafin mai lema ya ce ardo dai babu, amma akwai wani gida a bayan gari inda ake ajiye tsofaffin shanu, akwai kuma mai kula da su. Da ƙafa rabin awa ne. Da saniya mai ɗingishi, sai abin da Allah ya yi.

Alhaji ya nuna masa agogo. "Biyu saura. Ga gini can, taku ɗari ne. Ka ɗaure ta a jikin wannan turken, mu shiga a ɗauke ka, mu fito."

"In na fito ban same ta ba fa?"

"Sai ta koma cin jaridarta."

"Da igiyata a wuya."

"To Hajjo fa? Ni ba zan raka ka gida ba."

Baffa ya ce mini a nan ya daɗe tsaye. Ya kalli kan hasumiya, ya kalli saniya, ya tuna yadda Kubra ke goge hoto da gefen zani. Sannan ya ce, "In muka yi sauri za mu samu duka biyun." Saniyar ba ta yi sauri ba. Ta tsaya a wurin mai kayan miya, ta tsaya a wurin mai fure, a wani wuri ma ta kwanta.

Gidan da suka isa babban fili ne da rumfuna. Shanu sun kai ɗari biyu, duk tsofaffi, wasu makafi, wasu ƙaho ɗaya. Ana wanke wasu, ana zuba wa wasu ciyawa. Mai kula da su wani siririn tsoho ne mai farin zane. Baffa ya sa Alhaji ya tambaye shi, ta bakin wani mai jin Turanci, daga nan ina ake kai su.

Aka ce ba ko'ina.

"In ta tsufa fa?"

"Ai don ta tsufa take nan."

"In ta daina ba da nono?"

"Ta huta."

"Har ta mutu da kanta?"

"Har ta mutu."

Baffa ya bi shanun da kallo. Ya ce mini ya tuna wata saniyar innarsa da aka sayar yana yaro, innar ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Daga nan kuma sai hali ya motsa, ya bi layi yana buɗe bakin shanu yana duba haƙora, yana ba tsohon shawara a kan kanwa. Alhaji ya yi ta binsa da agogo.

Miƙa amanar ma ba a yi ta a tsaye ba. Sai da Baffa ya sa tsohon ya kwance igiyar da hannunsa, a gaban shaidu biyu. Tsohon ya yi murmushi ya ce ai sun san ta. Tana zuwa in ta ga dama, ta tafi in ta ga dama. Gobe da safe ma tana iya komawa kasuwa.

Baffa ya ce, "Wannan tsakaninku ne. Ni dai na miƙa."

A keken haya mai ƙafa uku suka komo, Alhaji yana roƙon mai keken da duk Turancin da ya sani. Huɗu saura minti biyar suka iso, bas ya riga ya tayar da inji. Shiga ƙofar farin ginin kaɗai ya fi minti biyar. Amma a gefen tashar akwai mai hoton nan take, yana da wani babban ƙyalle da aka zana farin ginin a jiki, don irin waɗanda suka makara. Ana iska a ranar, sai ɗan'uwan mai hoton ya shiga baya ya riƙe ƙyallen. Baffa ya tsaya ƙiƙam da furanninsa a wuya, Alhaji ya tare ƙofar bas da jikinsa har hoton ya fito.

Ina ƙofar gida ranar da suka dawo, kuma katangarmu gajera ce. Bayan Baffa ya ci abinci ya zube wa Hajjo kofunan yumɓu goma sha ɗaya, sannan ya miƙa mata hoton. Hajjo ta fito tsakar gida inda haske yake, ta daɗe tana dubawa.

"Malam, wannan furen fa?"

"Karramawa ce."

"Ginin Kubra ba shi da lanƙwasa a tsakiya."

Ta ƙara matso da hoton kusa da idonta.

"Kuma ba shi da ƙafafu."

A ƙasan ginin, daidai gefen takalmin Baffa, ga ƙafafu biyu sanye da silifa. Baffa bai iya ƙarya ba. Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata komai, tun daga jarida har zuwa shaidu. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ita ma 'yar ruga ce.

Da ya gama ta ce, "Wace ƙafa ce?"

"Ta baya, hagu."

"Ka sa gishiri?"

"Na sa."

"Hannu da hannu ka miƙa ta?"

"Hannu da hannu."

Ta ce, "To." Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta naɗe hoton a ciki, ta nufi gidan Alhaji.

Kubra da kanta ta ba innata labarin abin da ya faru, innata ta ba ni. Hajjo ta ajiye hoton kusa da na Kubra, ta ce, "Naki mijin ya je ya tsaya haka kawai. Nawa har fure aka rataya masa."

Kubra ta ɗauka ta duba sama da ƙasa, ta sa yatsa a kan silifan. "Waɗannan ƙafafun fa, Hajjo?"

"Na wanda ya riƙe masa ginin ne. Alhajinki wa ya riƙe masa?"