Kwana Huɗun da Keken Mama Ya Yi Shiru

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu, Mama ta aike ni kasuwa in sayo mata yadi biyar na farin alawayyo. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Dutsen Zuma. Da na faɗa wa mai yadin abin da nake so, sai ya ajiye almakashi ya dube ni, ya ce, "Inna lillahi! Malam Sule ne? Yaushe?" Ya san Babanmu, ya kuma san watansa uku ke nan a kwance. Ban amsa ba, don ban gane tambayar ba sai da na ga yadda ya naɗe yadin a hankali ya miƙo mini da hannu biyu. Farin yadi mai tsawo haka, a gidan da ake jinya, kowa likkafani zai ɗauka. Ruwa ya tare ni a wata rumfa, kafin ya ɗauke labari ya riga ni isa unguwarmu, Magajiya. Na tarar da mata uku a tsakar gidanmu suna salati, Baba kuwa yana ɗaki yana jin ta'aziyyarsa da kunnensa.

Alhali bargo Mama za ta ɗinka. Baba masinja ne a wani ofis a Abuja, mutumin da kullum yake dawowa sharkaf da gumi, amma ciwon nan ya sa shi rawar sanyi ko da rana tsaka. Mama tana yi wa matan unguwa ɗinki a tsohon keken ƙafa da ta gada wajen kakarmu, ta tara ƙyallayen atamfa buhu guda. Su ta harhaɗa suka zama saman bargon, auduga a tsakiya, farin yadin kuma a ƙasa, ɓangaren da zai taɓa jikinsa. Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta ce, "Haba Hajara, ki rina shi mana! Wa yake lulluɓa mara lafiya da fari?" Mama, wadda a wajenta na gado taurin kai, ta ce, "Fari nake so, Yaya, in ga datti in wanke."

Aikin ba ƙarami ba ne. Muka shimfiɗa shi a kan tabarmi biyu, Mama ta kama shi da dogon zare don kada audugar ta zame, ta ja layuka da alli. Daga tsakiya ake farawa, don haka sai an naɗe rabin bargon kamar tabarma an cusa ta ƙarƙashin hannun keken. Ni ce mai ɗaukar naɗin a kafaɗa, ina sakar mata kaɗan-kaɗan tana taka keke. In na yi sanyin hannu ɗinki ya tattare, allura ta karye, in sha ranƙwashi. Ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a waje, amma ba su ne a raina ba. Farin nan nake kallo yana shigewa ƙarƙashin allura, layi bayan layi, tarin Baba yana fitowa daga ɗaki duk lokacin da keken ya tsaya. Maganar mai yadi da ta Gwaggo suka zauna mini a ƙirji, har na yanke wa kaina cewa ranar da aka gama bargon nan, ranar Baba zai tafi.

Saura layi bakwai na zare ƙoshiyar keken, ɗan ƙarfen nan da zaren ƙasa yake zama a ciki, na jefa ta a jakar makarantata cikin duwatsun carafke. Mama ta birkice gidan kaf. Ta aika aro gida-gida, amma keken tsohon yayi ne, ƙoshiyar kowa ba ta shiga. Ni ma har da ni a nema, ina ɗaga tabarma ina leƙa ƙarƙashin gado, ko kunya babu. Kwana huɗu aka yi haka, ruwa kuwa kullum sai ya sauka, gari ya yi sanyi.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, na kai wa Baba kunu. Na same shi a dunƙule cikin zannuwan Mama biyu, haƙoransa suna haɗuwa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. "Uwata, keken Mamanki ya yi shiru," in ji shi. Na ce ƙoshiya ce ta ɓata. Ya dube ni ya ce, "Ranata ba a cikin keke take ba, Uwata. Ni dai sanyi nake ji." Na fito, na ajiye ƙoshiyar a bayan akwatin zare inda Mama za ta gani. Washegari aka gama bargon. Kwana goma sha ɗaya ya yi a cikinsa, ya daina rawar sanyi, har ya riƙa tsokanar Gwaggo cewa bai taɓa barci mai daɗi irin wannan ba. Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Yanzu bargo a leda ake sayensa, mai laushi, ba wadda za ta zauna tana haɗa ƙyalle da ƙyalle. Mama ta tsufa, idonta ba ya ganin kafar allura, kuma har gobe tana cewa ƙoshiyar nan faɗuwa ta yi. Na sha buɗe baki in gaya mata, sai in kasa. In damina ta yi tsaka na ja bargo na rufe 'ya'yana, kwana huɗun nan nake tunawa. Na so in ƙara masa kwana, sanyi na ƙara masa.