Malam Hudu Jibo da Matatar Yashi ta Guci

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Hudu a shekarar 1963 a garin Guci, cikin ƙasar Dungas. Mahaifinsa Jibo manomin gyaɗa ne, mahaifiyarsa Tata mai ƙuli-ƙuli. Ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a Magariya a 1970, ya zarce Damagaram, sannan Yamai, inda ya kammala ilimin tsabtace ruwa a 1987.

Aure da aiki

A 1990 ya auri Zulai, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Da ya dawo gida a 2011, ya tarar mutanen unguwarsu da dabbobinsu tafki ɗaya suke sha, kowace damina kuma gudawa sai ta ɗauki yara. Ya gina matatar ruwa ta siminti, ya cika ta da tsakuwa da yashi. Sirrinta wata gansakuka ce mai yauƙi da ke kwanciya bisa yashin, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu cinye ƙwayoyin cuta. Jama'a suka laƙaba masa "mai kiwon dauɗa". Shi kuwa, mutum mai zurfin ciki da taurin kai, ko matarsa bai taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani ba. Shekara goma sha biyu unguwar ba ta rasa yaro ta dalilin ruwa ba.

Jarrabawa

A watan Yunin 2023 ciwon ƙoda ya kwantar da shi a Damagaram. Ana jajibirin Babbar Sallah, Zulai ta tara matan unguwa gayya domin su faranta masa: suka kankare gansakukar tas, suka wanke yashin da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa ya fito garau, kowa na sa albarka. Kafin mako biyu amai da gudawa suka halaka mutum biyar, har da autarsa Safa, 'yar shekara goma sha huɗu. Abin takaici, gyara ne aka yi nufi. Da labari ya same shi bai zargi kowa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na ɓoye ilimin, ni ke da alhaki."

Rasuwa

Sauran watanninsa ya ƙarar da su bisa tabarma a gindin matatar, yana koya wa matan abin da ya kamata su sani tun farko. Ya rasu ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2024, aka yi masa salla bayan azahar. Ya bar Zulai da 'ya'ya uku: Shamsu, Hafizu da Bushra. Bisa wasiyyarsa, kusa da Safa aka haƙa masa.